Taransifomar da Ke Tokare Ƙofar Tsoho

"Lafiya lau, gajiya ta bi lafiya. Amma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Ina ɓarauniyar?"

"Ɓarauniya kuma? Tsoho, nan shagon gyaran waya ne, ofishin 'yan sanda yana gaba. Zauna kar iska ta kwashe ka."

Tsoho ya ja kujera ya zauna yana haki. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo kafin raunin ido da rawar hannu su sa ya rufe shago. Mai wannan shagon jikarsa ce, wadda yake kira Karambana tun tana rarrafe, don ba ta taɓa ganin abu mai ƙusa a jiki ta bar shi a rufe ba. Yau da safe iska ta buga ƙofar ɗakinsa, ya duba ƙarfen da yake tokare ta da shi, babu. Ga shi nan kan teburinta, an goge shi, an ɗaure shi a faranti kusa da wasu kwalaben rediyo irin na da guda huɗu.

"To wancan mene ne, in ba taransifomata ba?"

"Taka? Ni a ƙasa na tsince ta, gizo-gizo ya yi mata gida hawa biyu. Ceto na yi."

"Ceto! A ɗakin mijinki za ki shiga ki yi ceto? Na sake ki, saki ɗaya."

"Ka cika uku mana, in huta da jin tari. Wa ke son miji mai haƙori huɗu, biyu ma haya suke yi?"

"Haƙoran nan sun tauna abin da ubanki bai taɓa gani ba. Me za ki yi da ita?"

"Amfilifaya nake haɗawa, irin ta kwalabe. Wata uku ina tara kaya. Taransifomar da ke kai murya lasifika ce kawai na rasa, sababbin duk gwangwani ne."

"Kin ji gaskiya ta suɓuce daga bakin maƙaryaciya. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar dai, ban da mai zumar. Kuma tunda ka kawo kanka, ina son 'yar'uwarta da ke ƙarƙashin gadonka. Lasifika biyu zan sa, hagu da dama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Tsoho ya dubi taransifomar da ke kan teburin. Su biyun ya ciro su ne daga wata amfilifayar gidan silima da ta ƙone, ya sake naɗa musu waya da hannunsa, zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa. Duk kayan shagonsa su kaɗai suka rage. Tun da ya rufe shagon nan kuwa babu wanda ya ƙara tambayarsa komai sai ko ya sha magani, abin yana cin ransa, bai dai faɗa wa kowa ba. In ta karɓe ta biyun, shi ke nan, ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce. Ga kuma tsoro: damina goma ƙarfen nan yana bakin ƙofa, in ruwa ya kashe shi, duk cika bakin da ya yi wa jikoki ya tashi a banza.

"Wannan ɗin ta yi magana tukuna," in ji shi. "In ta yi, mu yi zancen 'yar'uwarta. In ba ta yi ba, ki ɗauke ta a ka, ki mayar min da ita bakin ƙofa, kina tafe kina ba ta haƙuri."

"Na yarda. In kuma ta yi, kai za ka ɗauko ɗayar a ka."

"Wayoyinta duk sun koɗe, ya kika gane gaba da baya?"

"Mita na sa. Siririn naɗin na kwalabe, mai kaurin na lasifika. Ka ɗauka irinka ce ni, mai gwada wuta da harshe?"

"Harshen nan ya fi mitarki gaskiya. Ke da aikinki canza gilashin waya? Ai ko mai wankin kwano ya iya."

"Kai kuma naka aikin mari. Rediyo ta yi shiru, ka mare ta, ka ce an gyara."

Ta miƙa hannu za ta kunna. Tsoho, wanda a gida sai an kama shi yake tashi daga tabarma, ya yi wuf ya damƙe mata wuyan hannu.

"Ina lasifikar?"

Karambana ta duba. Wayoyin biyu suna reto a gefen tebur, ba a haɗa su da komai ba.

"Gwaji ne kawai, in ga ko kwalaben za su kama."

"Gwajin da zai zama jana'iza. Irin wannan ba a kunna ta baki a toshe. In murya ta zo ba ta sami hanyar fita ba, cikin taransifomar take komawa ta cinye naɗin. Karambanin akuya, gai da kura!"

"Gwada ka nake yi, in ga ko da sauran mai a fitilar."

"Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Haɗa."

Ta haɗa lasifikar, ta jona wayarta ta salula, ta kunna. Kwalaben suka fara yin ja a hankali kamar garwashi, ɗumin ƙura ya tashi, ƙanshin da Tsoho ya shekara goma bai shaƙa ba. Sai lasifikar ta saki wani ihu mai tsini da ya sa tela na maƙwabta ya leƙo da almakashi a hannu. Karambana ta kashe da sauri.

"To ga muryar taransifomarka nan," ta ce, amma fuskarta ta canza. "Ashe da mai ita ta yi kama. Haka kake yi in an taɓa maka tabarau."

Tsoho kuwa dariya yake har da buga sanda a ƙasa. Shi ya san wannan ihun. Matacciya ba ta ihu.

"Amarya, lafiyarta ƙalau! Ke ce kika sa mata takalmin hagu a dama. Wayoyin nan biyu da ke zuwa kwalabe, juya su. Na nan ya koma can."

"Haka kawai? Kwana biyu ina bin zane."

"Zanen ya san wanda ya naɗa ta? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Kuma ki sauke wutar da ta kwanta a ciki kafin ki sa yatsa, ban shirya zaman takaba ba."

"Maza ba sa takaba."

"A kanki zan fara."

Ta zare filogi, ta sauke wutar, ta narka dalma ta juya wayoyin. Tsoho ya matso da kujera har hancinsa na neman taɓa farantin, yana cewa dalmar ta yi yawa, tana cewa numfashinsa ne ke hana ta kamawa. Da ta sake kunnawa, shiru ya ɗan yi tsawo. Sai wata tsohuwar waƙa ta fito daga lasifikar, a cike, a natse, har ana jin inda mawaƙin yake jan numfashi. Tela ya shigo gaba ɗaya ya tsaya. Daɗi ya kama Tsoho har ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya cire tabarau ya hau goge su da bakin riga.

"Kuka kake, Tsoho?"

"Hayaƙin dalmarki ne. Ko a dalma kin sayi ta banza."

"To na ji. Ta yi magana. Sai ka tashi ka ɗauko 'yar'uwarta, a ka, yadda muka yi."

"Ni na sa ta magana ai. Da na bar ki, da yanzu kina shara toka."

Karambana ta yi murmushi, ta rage sautin. "Gaskiya ne. Da ba ka zo ba, da na kashe ta."

Bai saba jin haka daga bakinta ba. Ya gyara murya.

"Zan ba ki ɗayar. Amma ba ta fita ita kaɗai, tare take da mai ita. Ki ajiye min kujerar nan, kar in dawo in tarar kin ƙone unguwa."

"Bakinka zai korar min masu kawo gyara."

"Su tafi. Masu hankalin za su dawo."

"To ƙarfe takwas nake buɗewa. Wanda ya makara, shi ke shara. Kuma akwai rediyo uku a ƙarƙashin teburin nan da aka kawo na rasa kansu, da su za ka fara."

Tsoho ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya gan su jere, ya kwashe da dariya.

"Na mayar da ke ɗakinki," ya ce. "Miƙo min ta tsakiyar."