Kwalin Da Na Cusa A Bindigar Likita

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so in manta. Ƙarfe tara da minti ashirin na safe ne, a rumfar wani filin koyon harbi da ke bayan garin Doha, kuma mu uku ne a wurin: ni, da Dakta Nasiru, da wani Bahaushen Kumasi mai suna Isaka, wanda ke kula da bindigogin wurin.

Bari in bi abin daki-daki, in fara da kaina. Shekara ashirin da biyu na yi a aikin soja a gida, na yi ritaya da igiya uku, sannan na zo nan na zama shugaban masu gadi a wani rukunin gidaje a Al Wukair. Duk 'yan uwanmu da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a Baba Saje suke ce mini. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, a sito na yi kusan duk shekarun nan. Takalma, barguna, kwanonin abinci, sai bindigogin da ake gogewa a jera a kulle. Harbi kuwa, tun na horon kurata ban sake yin wani na kirki ba. (Ban yi wa kowa ƙarya ba fa. In aka ɗauko hirar bindiga, gyara zama nake yi in yi gyaran murya, mutane su ƙarasa sauran da kansu.)

Shi Dakta Nasiru likitan ƙashi ne, ɗan Kano, yana zaune a Madinat Khalifa. Shekara biyu yana zuwa filin nan duk Asabar. A ranar ne za a gwada shi: harsashi goma, nisan mita ɗari uku. In suka taru cikin da'irar da ba ta wuce tafin hannu ba, ya shiga tawagar da za ta yi wa kulob ɗin filin gasa. In ba su taru ba, sai baɗi. Ran Alhamis ya kira ni ya ce, "Baba Saje, bindiga biyu suka ware mini, duk na gwada su, na rasa wadda zan ɗauka. Don Allah ka zo ka duba mini bututun da idon soja."

Mai hankali zai ce bai san wannan fanni ba. Ni kuwa na ce, "Ƙarfe nawa?"

Da muka isa, Isaka ya shimfiɗa bindigogin a kan tebur, babu harsashi a ciki. Ɗaya bututunta dogo ne siriri, yana sheƙi. Ɗayar kuma bututunta kakkaura, mai duhu, kamar taɓarya. Na goya hannu a baya, na zagaya teburin sau biyu kamar yadda Samanjan barikinmu yake yi ranar duba kaya. Na ɗaga kowacce na ji nauyinta. Sannan na ɗora yatsa a kan siririyar.

"Wannan," na ce. "Na farko, ta fi tsawo. Na biyu, ta fi tsafta. Na uku, soja ba ya ɗaukar abin da zai karya masa kafaɗa a hanya."

Isaka ya sosa ƙeya. Mutum ne mai ladabi, sai da ya kalli ƙasa kafin ya yi magana, ya fara da "Masa" ɗinsu ta Kumasi, wato maigida.

"Masa Saje, ka yi haƙuri fa. Siririn nan na mai yawon daji ne. Harbi uku, huɗu, ya ɗau zafi, harsashi ya fara zuwa inda ya ga dama. Mai kaurin nan ba ya saurin zafi, ba ya rawa kuma. Tsawo kaɗai ba ya kai harsashi tsakiya. Kuma nan ba wanda zai yi maci da shi, a kan buhun yashi zai kwanta, khalas, shi ke nan."

Dakta ya ce, "To ai shi ke nan, mu ɗauki mai kaurin." Bai ko kalle ni ba, don kada in ji kunya, wanda hakan ya sa na fi jin ta.

Da a nan abin ya tsaya, da yau ba ni da labari. Amma sai aka kira Dakta ya je ya sa hannu a takarda, Isaka kuma ya tafi karɓo harsashi. Aka bar ni da bindigar, da zuciyar da ke neman inda za ta fanshe.

Na sunkuya ina dubawa, sai kuwa na ga abin da nake nema. Bututun bai taɓa katakon da ke ƙarƙashinsa ba. Akwai 'yar tazara tun daga gaba har kusa da gindi, haske ma yana wucewa ta ciki. Raina ya yi fari. A barikinmu, wanda duk ya kawo bindiga da wani abu a sake, ranar sai ya yi tsallen kwaɗo har la'asar. Na ce a raina, ga masu ilimin zafi da sanyi, amma ba su ga bindiga ta kwance ba.

Ina da wata al'ada: kullum da asuba nakan rubuta tsarin yinina a ɗan farin kwali in sa a aljihu. Na ciro na ranar, na ninka shi huɗu, na cusa shi cikin tazarar da bakin mukullin ɗakina har ya ɓace. Na girgiza bututun, ko motsi. Na koma na tsaya da hannu a baya. Niyyata sai Dakta ya ci, sannan in faɗa a hankali, a gaban Isaka, abin da idon soja ya gani.

Ƙarfe goma saura kwata Dakta ya kwanta, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Isaka yana duba allon da ake harbi da madubin hange. Ya ce, "Sama, Dokta. Sama sosai."

Dakta ya gyara saiti. Na biyu ya tafi dama. Na uku ya dawo kusa, har na fara murmushi. Na huɗu ya sake hayewa sama. Daga nan abin ya zama kamar an watsa wa kaji tsaba. Ina ganin gumi yana bin wuyan bawan Allah nan, yana jan numfashi yana saki a hankali kamar yadda aka koya masa, yana zargin hannunsa. Ni kuwa har lokacin ina cewa a raina, Allah ya so na gyara, da abin ya fi haka muni.

Da ya gama goman, ya zauna ya cire abin toshe kunne ya ce, "Ikon Allah. Makon jiya fa bindigar nan kamar da hannu nake ajiye harsashin."

Isaka ya jawo bindigar gabansa. Ya zare wata siririyar takarda, ya zura ta ƙarƙashin bututun daga gaba, ya ja ta baya. Ta tafi kaɗan ta tsaya cak. Ya sake ja, ta ƙi.

"Wani abu ya shiga nan," in ji shi. "Bututun gasa ba ya taɓa katako, da gangan ake barin shi a sake. In ya jingina da wani abu, kowane harbi da irin rawar da zai yi."

Da gangan. Na sauke hannuwana daga baya.

Ya sa ɗan tsinken ƙarfe ya zaƙulo kwalin, ya warware shi a kan tebur, ya fara karantawa da ƙarfi, don shi bai san na waye ba. "Ɗaya, sallar asuba. Biyu, guga. Uku, duba masu gadin ƙofa. Huɗu, raka Likita filin harbi, a ba shi shawarar ƙwararru." Ya ɗago kai. Dakta ma ya ɗago. Rubutuna kuwa duk wanda ya taɓa karɓar saƙo daga hannuna ya san shi, don da rula nake ja masa layi.

Na ƙame kamar a fareti na ce, "Ni ne. Na ga ta kwance, na ɗaure ta."

Isaka ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Ya daɗe yana gyara buhun yashin da ba abin da ya same shi.

Na je da kaina wurin mai kula da gwajin, na yi masa bayani da ɗan Larabcina na bakin ƙofa, na roƙi a sake ba Dakta dama. Ya saurare ni tsaf, sannan ya nuna mini doka a jikin bango: mai harbi ne ke da alhakin duba bindigarsa kafin ya kwanta, kuma ba a maimaita gwaji. Ni da na kori mai gadi saboda makarar minti goma, da wane baki zan yi jayayya da doka?

Muka kama hanyar komawa har muka shigo gari. Dakta ya tsaya gaban wani mai shayi, ya danna hon, aka kawo mana shayin madara da suke ce wa karak, kofi biyu. Nan na gaya masa komai: siton, bargunan, shekara ashirin da biyun. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Haba Baba Saje, ai da ka faɗa tun farko. Sitonmu na asibiti a hargitse yake, can ya kamata in kai ka." Ya yi dariya, amma gajeriya ce. Shekara biyu yana jiran safiyar nan, ni kuma na cinye masa ita da kwali guda.

Abin da na koya bai da tsawo. Tsari abu ne mai kyau, amma tsarin sito na sito ne. Kuma "ban sani ba" ba ta rage wa mutum igiya ko ɗaya, sai dai ni sai da na haura hamsin kafin bakina ya iya furta ta.

Saboda haka ina da roƙo gare ka mai karatu. In ka ga wani abu a sake a kayan da ba naka ba, ka zuba hannuwanka a aljihu, ka nemi mai shi ka tambaya. Sannan ka taya Dakta Nasiru da addu'a, gwajinsa na gaba ya kusa. Ya ce in zo in yi kallo, na ce masa ina da aiki ranar, tun kafin ya faɗi ranar.