Wilin Bayan Kekena Ya Rasu a Ƙofar Gareji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu masu tsami, ni Lorne Vandenberg nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta iyo da keke da gudu rasuwar wilin bayan kekena. Rai ya yi halinsa ranar Talata da yamma, a gidana da ke nan Wisconsin, ana saura 'yan kwanaki a yi babban tseren da aka sayo shi dominsa.

Marigayin rufaffe ne ruf kamar faifai, baƙi wuluk, ba shi da siraran wayoyin nan na sifok ko ɗaya. Duk hunturun bara na ƙarar wajen zaɓensa: in auna nauyinsa, in duba faɗin bakinsa, in tambayi yadda zai yi da iskar gefe. Ba ya son hawa tudu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Amma a miƙaƙƙen titi sai ka ji shi yana wum, wum, wum, har mai keken gabanka ya waiwayo a tsorace. Daɗin wannan ƙara ne ya kwashe ni, na miƙe a taron ƙungiya na ce a rubuta sunana a dogon tsere: iyo a tafki mai sanyi, wuni guda a kan keke, sannan gudun fanfalaki. Tun ranar nake neman hanyar fita, ban samu ba.

Bai yi jinya ba. Duk mai ɗora keke a rufin mota ya san ƙa'ida: kafin ka fita, ka ja kwandon shara ka tare bakin garejin ajiye motarka, don in ka dawo a gajiye ya tilasta maka tsayawa. Na tare. Da na dawo, babu kwando. Na shiga da baya kamar kullum, keken na kan rufin mota, wilin ya daki saman ƙofar. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Na sauko na tsaya a kan gawarsa, sai na ji numfashina yana sauka har ciki, abin da na daɗe ban ji ba. Wa zai zargi mutumin da ya janye daga tsere saboda rashi?

Sai masu gaisuwa suka iso. Trudy Halvorsen, shugabar ƙungiya, ta shigo da tiren taliya da cuku, ta dubi marigayin ta ce, “Sannu, ɗan'uwa. Wa ya ɗauke kwandon?”

Matata Maribeth ta ce, “Ni ce. Motar shara ba ta san da wani tsere ba.”

Na sunkuyar da kai na ce tunda haka Allah ya so, bana na haƙura.

Gus Pietrowski, wanda ya karya ƙashin wuya a watan jiya, ya ce, “Haƙurin me, tsoho? Nawa wilin da ke zaune a gida yana shan ƙura, ga shi na taho da shi.”

“Ba lallai ya shiga kekena ba.”

“Ai na riga na ɗaura shi kana nan kana sharar hawaye. Ya ma fi naka gudu.”

Kafin dare an kawo wili huɗu. Maribeth ta buɗe kwali ta nuna mini riguna masu hoton fuskata, ta ƙara da cewa mahaifiyarta ta taso daga Arizona don ta ga na ƙarasa.

Marigayin ya bar abokin tafiyarsa, wilin gaba, wanda ya tsira saboda yana kwance a kujerar baya. Ya bar hular kwano mai jela, da rigar robar iyo da ke matse mini wuya, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a shagon keken Wendell, inda za a rataye shi a bango kusa da sauran waɗanda gareji ya ci. Daga nan a wuce cin taliyar jajibirin tsere. Zaman makoki ranar Lahadi da asuba a bakin tafki. Mai makokin zai kasance cikin ruwa, da lamba a dantse, surukarsa na kaɗa ƙararrawa a gaɓa.

Masu niyyar zuwa ta'aziyya, don girman Allah, kada a ƙara kawo wili.