Wa Ya Cinye Dabinon Kan Tire?

"...lafiya lau, in ban da yunwar gidanku da ta tare ni tun daga bakin ƙofa," in ji Dogo, yana tsaye a kicin yana share baki da bayan hannu.

Dogo bakanike ne, ɗan gwaggon Malama, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a tsokani juna ba. Ranar Lahadi ce da la'asar, ranar da Malama ke gasa ots, hatsin nan na Turawa, na mako guda. Takan kwaɓa shi da madara da ƙwai da ayaba, ta zuba a tire ta tura obin, in ya huce ta yanka ta jera a firij. Da safe kowa ya ɗumama rabonsa, ita kuma ta kama hanyar makaranta kafin bakwai. Yanzu ta shigo daga wajen shanya da kwando a kugu, ta tarar da tire biyu a kan tebur, kowanne an gutsure masa kusurwa.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe kura ta shigo?"

"Dubiya na zo. An ce har yanzu abincin doki kike ba mutanen gidan nan."

"Ga dokin nan ya ci yanka biyu ba a yi masa tayi ba."

"Gwaji na yi, taubashiya. Kada ki illata mijinki a ce dangi sun sani suka yi shiru."

"Kai da ke karya kumallo da ruwan batir, me ka sani a abinci?"

Ta ajiye kwandon tana dariya. Sai ta tsaya cak, idonta a kan teburin.

"Ina dabinon?"

"Wane dabino?"

"Guda uku. Na ɗora su a kan tire ɗaya bayan na sauke."

"Au, waɗannan? Na ga kaɗaici ya dame su ne, na kai su cikin 'yan'uwa."

Dogo ya san fuskar fushin Malama kamar yadda ya san cikin injin mota. Wannan ba ita ba ce.

"Tire ɗaya akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa a ciki, na Babansu da manyan yaran," ta ce a hankali. "Ɗayan babu, na Auta ne. Dabinon nan shi ne alama."

Auta ita ce ƙaramar 'yar Malama, shekararta biyar, kuma jikinta ba ya karɓar gyaɗa. Bara ta ci rabin biskit mai gyaɗa, leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Dogo ne ya tuƙa su asibiti ranar, hannunsa bai bar kan hon ba.

Malama ta mintsini wannan tiren ta ɗanɗana, ta mintsini wancan. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ga mai gyaɗar nan. Allah ya rufa maka asiri, da yau na yanka ka gida bakwai, kowace safiya a ɗumama yanka ɗaya."

Dogo bai rama ba. Tunda aka haife shi bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, shi ya sa ta juyo ta zuba masa ido.

"Dogo. Me ka yi?"

"Yanka na biyun... ban cinye ba."

"Yana ina?"

"Auta ta shigo ta gaishe ni. Yarinya mai ladabi, ba ta gado ki ba. Sai na..."

"Daga wane tire?"

"Na kai su bakin taga su sha iska, na dawo da su, wataƙila na hagu ya koma dama..."

"Daga wane tire, Dogo!"

"Wallahi ban sani ba."

Ba ta tsaya sa takalmi ba. Ya bi bayanta, dogayen ƙafafunsa na harɗewa da kwandon wanki. Falo babu kowa, talabijin na surutu shi kaɗai. Ɗakin yara babu kowa.

"Auta! Auta!"

Shiru. Dogo ya kasa kunne ko zai ji wannan usur ɗin, bai ji komai ba.

"In wani abu ya same ta, a obin ɗin nan zan gasa ka," in ji Malama, tana leƙa ƙarƙashin gado.

"Ba zai ɗauke ni ba, na yi tsawo."

"Sai in ninke ka."

"Ninke ni. Mu dai gan ta tukuna. Makullin mota na hannuna."

A baranda suka same ta, bayan tankin ruwa, ta zaunar da 'yartsanarta a kan bulo. Ga yankan ots a kan murfin gwangwani a gabansu. Malama ta durƙusa ta kama fuskarta, ta duba leɓe, ta duba wuya.

"Buɗe baki. Fito da harshe. Ja numfashi in ji. Kin ci?"

"A'a."

"Ko ɗan kaɗan? Ko lasa?"

"Ai kin ce komai aka ba ni in tambaye ki tukuna. Ina jira ki gama shanya." Ta kalli Dogo sama da ƙasa. "Kuma hannun Kawu warin mota yake yi."

Malama ta ɗauki yankan ta kai hanci, ta gutsira kaɗan. Ta rufe ido.

"Mai gyaɗar ne."

Dogo ya zame jikin tankin ya zauna daɓas a ƙasa, mutumin da ke cewa ya taɓa ɗaga motar ɗaukar kaya da kafaɗa ɗaya. Yana nan zaune har Malama ta wanke wa Auta hannu da sabulu sau uku, ta shiga ciki, ta dawo da tiren gyaɗar gaba ɗaya ta dire masa a cinya.

"Ɗauka. Daga yau gyaɗa ta bar gidan nan, Babansu ya yi haƙuri. Ku tafi tare."

"Abincin dokin duka nawa?"

"Kana da abin cewa?"

Dogo ya kalli Auta. Sai dariya ta kufce masa.

"Na sallama. 'Yar shekara biyar ta fi ni hankali."

"Har 'yartsanar ma," in ji Malama. "Tashi ka wanke hannun nan ka zo ka dama ayaba, sai mun gasa wa Babansu da manyan yaran wani."