Ranar Da Na Raba Faɗan Da Ba Faɗa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da mutanen Burumburum za su yarda su manta (ba kuwa za su yarda ba).

Ina da jika, Rabi, 'yar babban ɗana. Ni amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohon ango. Tun da ta tafi karatu Kano ta faɗa wani wasa wai shi zari-ruga, ƙwallonsa kamar gwanda, a rungume a yi ta gudu. Da ubanta ya so hana ta, ni na tsaya mata. Na ce jinina ne, ai ni ma ɗan kokawa ne a zamanina (kaye biyu na taɓa yi, ɗaya ma santsi ne ya taimake ni). Amma ban taɓa ganin wasan da idona ba.

Rannan ta zo da labari. Za a yi wasa a filin wata makaranta a Tudun Wada, kuma wata mai horar da 'yan wasa za ta zo ta zaɓi waɗanda za a kai sansani, inda ake fitar da masu buga wa Najeriya a ƙasashen waje. Shekara huɗu tana jiran wannan dama.

"Tsohon ango, za ka je," ta ce. "Amma duk abin da ka gani, ka zauna. Ka ji?"

"Amarya, ni za ki koya wa kallon wasa?"

Na zumbula babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na sami kujerar gaba. Kafin a hura usur, duk na kusa da ni ya san jikar wa ce mai lamba bakwai.

To, ni a garinmu aikina ke nan rabon faɗa. Aji biyu na yi a firamare na gudu, amma in yara suka kaure a kan mangwaro ko tayar gare, dabarata ɗaya ce: in ƙwace abin, kowa ya rasa. Ba ta taɓa ba ni kunya ba sai ran nan.

Ana cikin wasa Rabi ta cafe gwandar ta zura. Ina ihu ina "Jinina! Jinina!" sai wata ƙatuwar yarinya 'yar Doguwa ta sunkuyo ta rungumi ƙafafunta, tim! Kafin in rufe baki wasu huɗu sun hau kansu. Na dubi alƙalin wasa, yana tsaye yana kallo. Na dubi jama'a, tafi suke yi. Na ce lallai duniya ta lalace.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita ba.

"Kai! Kai! Taron dangi? Ku ji tsoron Allah! Ko a kokawa ɗaya-ɗaya ake yi!"

Na ja ƙafar wata (ashe ma 'yar ɓangaren Rabi ce), na cusa hannu ƙarƙashinsu, na zaro gwandar, na tura ta cikin babbar riga.

"Tunda a kan wannan kuke neman kashe juna, kowa ya rasa!"

Sai wani daga can baya ya ƙyalƙyale da dariya, shi ke nan kowa ya ɗauka. Alƙali yana ta hura usur kamar zai haɗiye shi. Rabi ta miƙe, fuska duk ƙasa.

"Kaka, ba ni ƙwallon."

Kaka fa ta ce, ba tsohon ango ba. Nan ya kamata in gane, amma na riga na yi nisa. Na ce sai sun ba ta haƙuri.

Sai ji na yi ƙasa ta bar ƙafafuna. Ta saɓa ni a kafaɗa kamar buhun masara, ni da ƙwallon da babbar rigar, ta sheƙa a guje har bakin igiya. Hulata ta faɗi, sanƙona yana sheƙi, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ta dire ni a kujera, ta zare ƙwallonta, idonta cike da hawaye, ta koma.

Wani malami da ke kusa ya yi mini bayani a hankali cewa kayarwar nan ita ce wasan. Ragowar lokacin a sunkuye na yi shi. Dariyar ba ta dame ni ba. Tunanina, na rushe wa yarinyar nan shekara huɗu a cikin minti ɗaya.

Da aka tashi, sai ga mai horarwar ta nufo mu da takarda a hannu. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baba, ai kai ba ƙaramin kaya ba ne." Ta juya wajen Rabi: "Wadda ta ɗauki wannan ta yi gudun nan, ita nake nema. Ki shirya jakarki."

Rabi ta yi tsalle ta rungume ni har haƙarƙarina ya amsa. "Tsohon ango, ka ci sa'a! Amma ranar da za mu buga a waje, a talabijin za ka kalla."

Yanzu a majalisarmu ba wanda ke kiran sunana, sai Buhun Masara. Ni kuma ina ce musu ni na kai ta sansani, tunda da ni aka auna ta. Sai dai tun daga ran nan, ko zakaru na gani suna faɗa, sai na waiga na tabbatar babu mai usur a kusa.