Ranar da Honarabul Ashafa Ya Yi wa X Zaɓe

Allah Ya yi wa unguwar Zaitawa gata da Ya ba ta Honarabul Ashafa, kansila, Fitilar Ilimi, wanda ya yi aji uku na firamare ya haƙura da sauran don kada ya ƙure malamai. Soja na komawa bariki, shi ma ya bar rumfar fatarsa ta kasuwar Kurmi ya shige babbar riga.

Ran nan ya kai ziyarar ba-zata makarantar unguwa, ya tarar Malama Bahijja ta rubuta x + 3 a allo. Ya tambaya nawa ne x ɗin. Ta ce harafi ne da ke tsayawa a madadin lambar da ba a sani ba tukuna; yau biyu, gobe wataƙila tara.

"Malama, ɓoye-ɓoye ya tafi da soja," in ji shi. "Yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Abin da ba a sani ba, jama'a ake tambaya."

Nan take ya fitar da yara fili, aka yi ƙato-bayan-ƙato. Layin masu cewa x goma ne ya kai bakin ƙofa; layin bakwai mutum huɗu ne, har da 'yarsa Aminat. Honarabul ya gyara hula ya sanar cewa bakwai ce ta lashe, tunda sammai bakwai ne, kwanakin mako ma bakwai. Sannan ya ja kunnen Malama: in ta kuskura ta ba x wata lamba, zai sa a mayar da ita ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Hankalin Malama ya tashi, don ita kaɗai ke jinyar tsohuwarta a Gwammaja. Duk da haka ta ci gaba da koyar da abin yadda yake, murya ƙasa-ƙasa. Aminat kuwa Fitila da kansa ke yi mata bita a gida, ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

Jarrabawa ta zo, yara talatin da tara suka ci. Aminat, baiwar Allah, ta zuba bakwai duk inda ta ga x, ta dawo gida da sifiri.

Honarabul ya ɗauki takardar sai ofishin ilimi, yana faɗin an yi maguɗi, lallai a cire Malama yau. Sakatare, Malam Isiyaku, ya duba sakamakon a tsanake.

"Ranka ya daɗe, talatin da tara ne da ɗaya," in ji shi. "Ai jama'a sun yi magana."