Ranar da Mashin Ya Tuɓe Ni a Bakin Shagari

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Basiru ba, kuma ko na so in manta, mutanen Boɗinga ba za su bari ba. Har yau in na bi ta tasha sai wani ɗan kabu-kabu ya murɗa totur ya ce, "Baffa, a gwada?" Ni kuwa sai in yi kamar kunnena ya yi nauyi. (Tsufa na da amfaninsa, in ka iya aiki da shi.)

Basiru ɗan yayana ne marigayi, a hannuna ya tashi. Ya ga yarinya a Shagari, ɗiyar wani malamin allo da ake kira Malam Ummaru, ita ma ta gan shi, magana ta yi daɗi. Da muka je tsayar da rana Malam bai tsawwala mana komai ba sai abu guda. Ya ce ya san halin samarin yanzu, in za a je ɗaurin aure sai su mai da hanya filin tsere, wannan ya miƙe tsaye kan mashin, wancan ya saki hannu, wani ya ɗaga ƙafar gaba. Ya ce haka ɗan ƙanensa ya tafi, a bikin abokinsa, da sabbin tufafinsa aka kawo shi gida a bayan mota. Duk muka sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "In kun taho mini da tsere, ku koma da goronku. Ba ni ba da ɗiyata gidan da ba a tsoron hanya."

Ni na fara buɗe baki. (Wannan bakin nawa, da ana karɓarsa a kasuwa da tuni na rabu da shi.) Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ai da ni za a taho. Ni ne wakilin ango, kuma ni zan shiga gaba. Duk yaron da ya wuce ni, da kaina zan mai da shi Boɗinga." Malam ya dubi furfurar gemuna ya ce to, hankalinsa ya kwanta. Ban ga amfanin in gaya masa cewa lokacin da mashin ya fara yawa a garinmu ni ma na taɓa zama abin nunawa da yatsa ba. Ni boko leƙawa kawai na yi na fito na kama noman albasa, amma ko ni na san ba kowane tarihi ake kai wa gidan surukai ba.

Da muka koma gida na tara abokan ango a ƙofar gidana na yi musu wa'azi har sai da ni kaina na ji tsoron Allah. Na ce doka ɗaya ce, ba mai wuce ni. Suka ce sun ji, sun yarda.

Ranar kuwa na fito da babbar rigata ta shadda, ta sha sitati da bugu, in na motsa har ƙara take yi. Zafi ake yi irin wanda kuka sani, don haka ban sa 'yar ciki ba, na bar tsohuwar singiletina kawai, wadda ramukanta sun fi yadinta yawa. Wa zai gani? Maiɗakina Ige ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, ka tattare rigar nan ka zauna a kanta da kyau, kada iska ta ja ta." Na ce mata tun ba a haife ta ba nake hawan mashin. (Ƙarya ce, shekarunmu kusan ɗaya.) Duk da haka na tattare, na naɗe hannuwan a kafaɗa, na cusa sauran a ƙarƙashina na danne.

Muka kama hanya, ni a gaba, Basiru na biye da ni a kan nasa mashin, sauran samari a jere kamar masu rakiyar gawa. Tafiya nake yi ta dattako. In na leƙa madubi sai in ga fuskokinsu kamar an ba su maɗaci, ni kuwa daɗi ya cika ni. Masu aiki a gonaki suna ɗago mana hannu, ina amsawa da kai kamar hakimi. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a majalisa.

Mun yi nisa ke nan sai na ji wani tsohon mashin yana tari a gefena. Ko ban waiga ba na san tarin. Labbo ne, taubashina, ɗan gwaggona da ke Dingyaɗi. Gajere ne, baki gare shi kamar reza, kuma tun muna tsirara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Shi ma ɗaurin auren za shi, ya makara ne ya biyo mu a baya, bai kuwa ji wa'azina ba.

Ya daidaita da ni ya ce, "Kai tsoho! Halan mai ya ƙare kuna turawa? Wagga tahiya, kahin ku isa amarya ta yi jika!"

Na ce, "Labbo, koma baya, akwai doka."

Ya ce, "Dokar yara ta. Ni na yi maka kama da yaro?"

Na ce, "Don Allah ka rufa mini asiri yau kaɗai."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ka dai faɗi gaskiya, ba ka iyawa. Da ma can ko a keke bayana kake gani." Ya danna oda, ya bule ni da hayaƙi, ya wuce.

To jama'a, a nan ne ya kamata in ce Shaiɗan ya zuga ni. Amma tsakani da Allah ina jin Shaiɗan gefe ya koma ya zuba ido. Ni dai na ga ƙeyar Labbo tana ƙanƙancewa a gabana, na tuna ranar da ya kayar da ni a kokawa gaban 'yan mata, sai na ji hannuna ya murɗa totur da kansa. Na ce a raina zan kamo shi kawai in yi masa faɗa. Da na kamo shi sai na ga faɗan zai fi shiga in ina gabansa.

Na kwanta kan tanki, na ɗaga mazaunaina daga kujera yadda muke yi a da. Abin da na danne kuwa ya samu hanya. Iska ta shiga rigar nan ta buɗe ta kamar rumfar biki. Ni a lokacin gani nake na yi kyau.

Abin da na manta shi ne akwai mutane a bayana. Dokar da na kafa ta ce kada a wuce ni, ba ta ce kada a bi ni ba. Yaran da suka yi ta haɗiye yawu tun daga Boɗinga suka ga Baffa ya buɗe hanya, suka ce Allah ya amsa addu'a. Ƙarar da ta taso a bayana kamar an saki jirgi. Basiru yana ta danna oda yana nuna ƙafar mashin ɗina ta baya, ni kuwa na ɗauka kirari yake yi mini, har na ɗaga masa hannu.

Mun hango gidajen farko na Shagari, na zo kafaɗa da kafaɗa da Labbo, na buɗe baki in gaya masa wata magana da na daɗe ina ajiye masa, sai na ji an shaƙe ni ta baya. Gefen rigar ne ya shiga wayoyin taya. Taya ta ci, ta ƙara ci, ta naɗe shaddar nan kamar mai kaɗi tana naɗe zare, ta tsaya cak. Mashin ya yi gefe, na bi shi, muka ja kwalta tare, muka gangara cikin wani kwari a bakin hanya.

Ba zan yi wasa da wannan wurin ba. Kaina ya bugi ƙasa, tazarar da ke tsakaninsa da wani dutse ba ta kai tafin hannu ba. Hular kwanon da aka haɗo mini da mashin kuwa tana gida, kazar Ige na kwanci a ciki. Wuyan rigar ya ɗaure mini maƙogwaro, ina son in yi salati iska ta ƙi fita. Basiru da ke dab da ni, da ya ga tayarsa ta nufi kaina, sai ya kwantar da nasa mashin da gangan, ya ja kwalta da hannunsa. Na bayansa suka watse, wani cikin gona, wani cikin ƙaya. Allah ne kawai bai rubuta za a yi jana'iza ranar ba.

Basiru ne ya taso da jini a hannu, ya fizgi wuƙar wani mai rake da ke bakin hanya, ya tsarge rigar tun daga wuya har ƙasa. Na ja numfashi. Na miƙe. Da na miƙe sai na gane mazagin wandona ma ya yi shahada.

To ga ni nan tsaye, dattijo, wakilin ango: ba riga, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, singileti mai tagogi, leɓena na sama ya kumbura ya kusa taɓa hanci, hannu ɗaya riƙe da wando. Na ɗaga kai in ga ko akwai wanda ya gani.

Akwai. Ƙarƙashin wata darbejiya a tsallaken hanya, Malam Ummaru ne tsaye da dattawan unguwarsu da manyan ɗalibansa. Ashe fitowa ya yi ya tarbe mu, don ya ga shigowar nan ta natsuwa da na yi masa alkawari.

Ya tsallako a hankali. Bai dube ni ba tukuna. Ya kama hannun Basiru ya duba, fata ta saɓule tun daga gwiwar hannu, farin kaftaninsa ya ɓaci. Ya daɗe yana kallon jinin nan, na san kuma ba Basiru kaɗai yake gani ba. Sannan ya ce, "Ina goron? A mai da shi."

Basiru ya juyo ya dube ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa. (Durƙuso da wando a hannu sai an koya, ban ba kowa shawarar ya gwada ba.) Na ce, "Allah shi gafarta Malam, yaran nan ba su karya doka ba. Wallahi ba ɗayansu da ya wuce ni."

Ya ce, "Na gani. Wa ke iya wuce ka?"

Wani daga cikin dattawan ya toshe baki da hannun riga. Na ce, "Malam, ni na tsokano, ni suka biyo. In hukunci ne a yi mini. Yaron nan tun daga gida yake bayana kamar rago, ciwon da ke hannunsa ma don kada ya taka kaina ya ji shi."

Mai rake ya sa baki ya ce shi a idonsa aka yi, yaron da kansa ya kayar da mashin. Ya ƙara da cewa a ba shi wuƙarsa.

Daidai nan sai ga Labbo ya dawo, yana tafe yana oda, bai san me ya faru ba, yana ɗaga murya, "Ina tsohon? A gaya mishi har na sha ruwa na..." Ya ga jini, ya ga Malam, ya gan ni. Ban taɓa ganin bakin Labbo ya mutu ba sai ranar.

Malam ya dube mu mu biyu, ya girgiza kai. Ya ce, "Ni na ɗauka yara ne abin tsoro." Sannan ya ce yaron da zai zaɓi fatarsa ta tafi a kan ya taka mutum, ba zai hana shi mata don haukan tsofaffinsa ba. Amma da sharaɗi. Duk mashinan nan a nan za su tsaya ƙarƙashin darbejiya, kowa ya shiga gari da ƙafa. A fara kai ango kemis a wanke masa hannu.

Na ce, "Madalla. Ni sai in jira a nan wurin mashinan, a samu wani ya yi wakilci."

Ya ce, "A'a. Kai ka ce kai ne gaba." Ya juya ga Labbo ya ce, "Kai kuma tuɓe rigarka ka ba shi."

Haka na shiga Shagari, a gaban tawaga, cikin rigar Labbo da ta tsaya mini a gwiwa, wandona ɗaure da igiyar rake, ina ɗingishi. Mata na leƙe ta katanga. Aka zaunar da ni a sahun gaba, liman ya ce wakilin ango ya yi magana. Na ce muna nema wa ɗanmu Basiru aure, amma da leɓen nan abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Liman ya ce a maimaita, shaidu ba su ji ba. Na maimaita. Wani daga baya ya ce har yanzu. Ina jin Labbo ne. Sai da na faɗa da ƙarfi, yawu na tashi, sannan aka karɓa aka shafa fatiha.

Basiru da matarsa suna nan lafiya, tabon kuwa yana hannunsa, kuma duk ranar da ya naɗe hannun riga zai yi alwala a gabana sai in kau da ido don kunya.

Abin da na koya, ga shi kyauta. In za ka hau mashin, ka sa wa kanka abin da ya fi hular zanna tauri, babbar riga kuwa ka ninke ta a leda, ka sa in ka isa. In kuma kuna neman wanda zai tsare muku yara a hanya, kada ku tsaya kallon gemunsa. Ku fara tambaya ko yana da taubashi, kuma ko taubashin na da mashin.