Ranar Da Na Kayar Da Sale Guduma

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan kawuna a Gumel ba, kuma ko da na so in manta, mutanen garinmu Ɗanzomo ba za su bar ni ba. Allah ya ba su dogon tunani a kan laifin wani.

A shekarun da ake shimfiɗa layin dogo ta wajen Gagarawa ne. Bayan an gama girbi, samarin garinmu suka tafi leburanci, ni ma na bi su (ba son aiki ya kai ni ba, na ji an ce ana ba da shinkafa). A can na fara ganin Sale Guduma. Ɗan maƙeran Maigatari ne, tun yana ƙarami yake sarrafa guduma a gaban mahaifinsa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana. Baturen da ke kula da aikin yana da wani dunƙulen ƙarfe mai sarƙa da mariƙi, wai a ƙasarsu wasa ake yi da shi. Ranar hutu da la'asar sai ya tara leburori a fili, kowa ya juya da shi ya wurga. Sale kan yi juyi uku kacal ya saki, ka ga ƙarfen nan yana tafiya sai ka ce an aike shi. Ba wanda ya taɓa kusantar inda nasa yake faɗuwa. Har Kano aka kai shi ya yi jifa gaban manya, ya dawo da babbar riga da jar dara.

Ni kuwa rawar da na taka a wannan tarihi ita ce ɗauko ƙarfen daga inda ya faɗi. Sau biyu. Na biyun da ja na kawo shi.

Wata biyu na yi na gudo gida, don hannuna ya yi kanta. Amma baki bai yi kanta ba. A dandali aka tambaye ni ko na ga Sale Guduma, na ce gani kuma? Ai tare muke jifa. Bayan kwana uku labarin ya girma, na zama ni ke gyara masa tsayuwa. Kafin sati ya zagayo na riga na kayar da shi da taku bakwai, Bature ya cire hularsa ya gaishe ni. (Ban san inda na samo bakwai ba. Ta dai yi daɗin faɗi.)

Duk wannan kuwa saboda Hadiza ne, 'yar Malam Hamidu. Ina neman ta, wani mai jakuna ma yana nema, ni kuma ba ni da ko akuya. Abin da nake da shi taku bakwai ne.

To, ranar ɗaurin auren muka ɗunguma Gumel, har da Malam Hamidu, don shi ne wakilin ango. An shafa fatiha, an raba goro, dattawa suna zaune ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar gida. Ina gefe na tara samari ina kwatanta yadda ake riƙon sarƙa, sai na ji Malam ya kira sunana.

"Zo ka gaida abokinka," in ji shi. "Ashe kawun amarya ne."

Na duba kusa da shi. Jar dara. Faɗin kafaɗa. A take na ji goron bakina ya koma ƙasa.

Na durƙusa na gaishe su. Malam ya ce, "Sale, wannan ne yaron da ya wuce ka da taku bakwai. Ka gane shi?"

Sale ya daɗe yana kallona. Da ma ya ce bai san ni ba, da na ce tsufa ne. Sai ya ce a hankali, "Allah ya gafarta Malam, wa zai manta maigidansa? Ai tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. Ina ta roƙon Allah ya sake haɗa mu, ko na koyi wani abu."

Na ce kafaɗata na ciwo. Ya ce shi ma tasa. Na ce ai babu ƙarfen Bature a nan. Ya ce maƙera tana bayan gida. Kafin in samo dalili na uku an kawo wata guduma an ɗaura mata igiyar rijiya, mutane sun buɗe fili. Mata ma sun leƙo ta kan danga, Hadiza na cikinsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sale ya fara. Juyi uku, ya saki, gudumar ta faɗi can gindin wata kuka. Aka sa kara a wurin, wani dattijo mai son gaskiya ya ƙirga taku bakwai gaba, ya kafa mini nawa karan.

Na naɗe hannun riga, na tofa yawu a tafi kamar yadda na ga ana yi. Na ce a raina, in Sale juyi uku yake yi, ni in na yi shida ai an gama. Na fara juyawa. A juyi na biyu na gane cewa ba ni nake juya gudumar ba, ita take juya ni. A na huɗu na tuna ban taɓa lura da lokacin da ake saki ba. Gumel gaba ɗaya tana wucewa ta gabana: kuka, danga, rumfa, kuka, danga, rumfa. Na rufe ido na yi bismilla na saki.

Ta tafi, ba laifi. Sai dai baya ta tafi. Ta daki gwafar da ke riƙe da rumfa, rumfar ta yi ɗan tunani, sannan ta kwanta a kan dattawan gari biyu. Ni kuma hajijiya ta ɗebe ni na yi taku wajen bakwai ɗin nan a karkace, na zauna daɓas cikin ƙwaryar fura.

Sai zana ta motsa, Malam Hamidu ya rarrafo, rawani a wuya, ƙaiƙayi a gemu. Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, ban da mutuncina. Ya dube ni, sannan ya juya wajen Sale ya ce, "Sale, da Baturen ya cire hularsa, ba gudumar ce ta cire masa ba?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har a garin Sule Tankarkar. Sale ne kaɗai bai yi ba. Ya ɗaga rumfar da hannu ɗaya aka sa sabuwar gwafa, sannan ya zo ya miƙar da ni, ya ce mini a kunne, "Shekara ashirin ina ɗaga ta kafin ta yarda da ni. Kai kuma wata biyu, har da gudu." Na ji daga baya ya koma maƙerar mahaifinsa a Maigatari, a can ya tsufa yana ƙera fartanya, kuma ko sau ɗaya bai ba da labarin jifansa ba. Wasu ne ke bayarwa.

Hadiza dai mai jakuna ta aura. Ban ga laifinta ba, jaki aƙalla gaba yake tafiya.

Abin da na koya, ba zan ce na daina ƙarya ba, don kada in ƙara wata. Amma tun daga ranar, in zan yi, nakan fara tambayar ko mutumin yana da dangi a Gumel.